Rawanin da Na Gani a Madubi

Assalamu alaikum, ku da masu karanta wannan shafi. A shekarun da kuɗin fetur ya fara shigowa ƙasar nan, lokacin da duk inda ka juya a Jidda sai tulin siminti da ƙarar injin, ni direban babbar mota ne, ɗan shekara ashirin da bakwai, haifaffen unguwar Sa'alaba a nan Jidda, kuma a ganina babu wanda ya kai ni. Kakana ne ya taho daga ƙasar Hausa a ƙafa. Ni kuwa Larabci nake yi a waje, Hausa sai in na shigo gida. Ina da gashin baki da nake ji da shi, ga kwalin taba a aljihu, ga rediyo da na ɗaure da igiya a gaban mota. In na shigo unguwa sai na danna hon tun daga bakin titi, don kowa ya san na dawo. Yau na haura saba'in, hannuna rawa yake yi, wannan takarda ma faɗa nake ana rubuta mini. Ba zan ambaci sunan kowa ba, don waɗanda abin ya shafa duk sun riga ni tafiya, saura ni mai laifin.

Sharikar da nake yi wa aiki, wato kamfanin, hanyoyi take ginawa, filinta yana kudancin gari, wajen da daga baya ya cika da masana'antu. Aikina jan karafan. Ga wanda bai san shi ba, karafan gida ne sukutum na kwano a kan tayoyi, da gado da banɗaki, wanda injiniyoyi Turawa ke zama a ciki a can dajin da ake aikin hanya. Mu ke maƙala shi a ƙugiyar bayan mota mu kai shi sansani. Jan karafan ba tuƙi ba ne irin na kowa. Ya fi motar tsawo, iska kaɗan in ta buge shi sai ya fara rangaji yana jan gindin motar, in ka taka birki da ƙarfi ya turo ka, in ka sha kwana da sauri ya kwanta. Ido ɗaya a hanya, ɗaya a madubi, haka ake wuni. Kafin a tashi ana rufe tagoginsa da falanki a buga ƙusa saboda duwatsun da taya ke watsowa, sai wata 'yar tagar banɗaki can sama da ake bari, wadda da ƙyar hannu ke fita ta cikinta. Dokar farko da mudir, wato manajanmu, ya gaya mini ranar da ya ba ni makulli, yana nuna ni da yatsa, ita ce ba a ɗaukar mai rai a cikin karafan in ana jan sa, ko akuya ce. Na ji da kunnena, ba zan ce ban ji ba.

A lokacin shekarata biyar da aure. Mahaifin matata, wanda nake ce wa Baba, ba irinmu haifaffun nan ba ne. Da ƙafarsa ya zo, ya ratsa Sudan yana saurayi, ya haye teku a jirgin katako tare da ƙaninsa, suka sauka a gaɓar kudu wajen Ƙunfuza. Ƙanin ya tsaya a wani ƙauye can yana noman dawa, shi kuma ya ƙaraso Jidda ya yi shekara talatin yana ga-ruwa a lungunan Balad, tsohon garin, garwa biyu a sanda, har kafaɗarsa ta yi kanta. Bai zo da komai daga gida ba sai ɗabi'un gida, su kuwa ya riƙe su gam, babba a cikinsu kunyar suruki. Shekara biyar ɗin nan ban taɓa ganin ya kai loma baki ba, shi ma bai taɓa ganin tawa ba. In na je gaishe shi, takalmi a waje, in durƙusa daga bakin ƙofa, ina kallon tabarma yana kallon bango, mu yi lafiya lau, lafiya lau, in tashi. Ban taɓa ganin kansa babu rawani ba. Abokaina Larabawa da ke cin shinkafa faranti ɗaya da surukansu har dariya suke mini, ni kuwa wallahi alfahari nake yi da abin, ina ce musu mu mutane ne masu tarbiyya.

Ana tsakiyar zafi, irin wanda bango ma ke gumi a Jidda, sai saƙo ya zo cewa ƙanin nan nasa yana kwance yana kiran sunansa. Motocin haya na kudu a lokacin sai ka yi kwanaki kana jiran su cika, mutane a cushe da awaki. A satin kuma aka ba ni karafan in kai wani sansani da ke kusa da ƙauyen. Da matata ta kawo mini zancen, ban bari ta rufe baki ba na ce halas, magana ta ƙare, ni zan kai Baba, ai ba za a ce 'yarsa na auren direba shi kuma ya hau bayan mota da awaki ba. Son a sani ne ya sa ni, ba wani abu ba. Ita kuwa ta fi ni sanin ubanta. Ta ce in sa shi a gaba kusa da ni, kome zai ce kada in saurare shi, in kuma riƙa matsa masa ya sha ruwa, don Baba ba zai taɓa buɗe baki ya roƙe ni komai ba. Na yi dariya na ce ta bar mini, ni da hanya mun saba. Da asuba ta cika masa zamzamiyya, gorar ruwan nan mai rigar tsumma da matafiya ke ratayawa, ta ɗaure bakinta da jan ƙyalle saboda murfin yana yoyo. Tana da wani ƙulli nata da take yi, ninki biyu da 'yar jela a gefe, duk gidan an san shi.

Ni kaɗai zan tafi, don abokin tafiyata an tura shi wata hanya. Gari na wayewa na fito da karafan, na tsaya a bayan gari inda muka yi da Baba, don kada mudir ya ga na ɗauki fasinja. Yana tsaye da ƙunshin kayansa da buzunsa, zamzamiyya a rataye. Na sauko na gaishe shi na buɗe masa ƙofar gaba. Kujerar 'yar ƙarama ce, in mutum biyu suka zauna dole gwiwa ta taɓa gwiwa duk sanda na sa giya. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juya wajen karafan, yana magana kamar da iska yake yi, ya ce wannan ɗaki na baya ai da fili a cikinsa, tsoho zai fi jin daɗin miƙe ƙafa. To ga gaskiyata, masu karatu: da ya faɗi haka, daɗi na ji. Dama ina ta tunanin yadda zan wuni ban sha taba ba, ban kunna rediyo ba, ban zagi hanya ba in ta jijjiga ni. Maganar mudir ta faɗo mini, ta matata ta faɗo mini, na ture su duka, na ce wa kaina ai Baba ne ya zaɓa, wa ya isa ya yi musu da surukinsa. Na shigar masa da kayansa na ja ƙofa.

Da safe abin ya yi kyau. Akwai 'yar iska daga teku, kwalta kuma ta raka mu wani tsawo kafin ta ƙare. Daga nan sai rairayi da tsakuwa, sawun tayoyin waɗanda suka riga ka kawai kake bi, ƙasar ta yi tudu-tudu tana girgiza mota har haƙoranka su riƙa haɗuwa. Ba mu yi nisa ba na hango a madubi ƙofar karafan ta buɗe tana bugun jikinsa. Na tsaya na rufe, muka ɗan taɓa, ta sake buɗewa, girgiza ta kwance mariƙin. Tsoro ya kama ni kada tsoho ya gangaro ya faɗo, kada kuma ƙofar ta ɓalle a ce na lalata kayan sharika. Na ɗauko wayar ƙarfe daga akwatin kayan aiki, na gaya masa daga waje cewa zan ɗaure ƙofar don kada ta dame shi, ya ce to madalla. Na murɗa wayar nan da filaya, na murɗa sosai, har ina yaba wa kaina. Daga ciki babu yadda mutum zai buɗe ta. Na koma na kunna taba na ƙure rediyo, kujerar da ke gefena babu kowa sai kwanon abincina.

Rana ta kusa tsaka muka isa wata gahawa, rumfa ce da gadajen igiya inda direbobi ke shan shayi, ita ce ta ƙarshe kafin a shiga filin gishirin da muke kira sabka. Na kwance wayar na buɗe ƙofa, wani zafi ya bugi fuskata kamar an buɗe tanda. Baba yana zaune a ƙasa kan buzunsa, ya ƙi hawa gadon Bature, carbi a hannu, rawani daram, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Na durƙusa na sunkuyar da kai na tambaye shi ya hanya, ya zafi. Ya ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Jama'a, wannan kalma ce ta cuce ni, ko in ce ni na cuci kaina da ita. Ni Bahaushe ne, na san mutum ko yana gargara ka gaishe shi lafiya lau zai ce. Na sani sarai. Amma ranar sai na karɓe ta kamar likita ne ya auna shi ya ba ni takarda, don ita nake so in ji. Na kawo masa shayi da ruwa na ajiye a bakin ƙofa, na koma bayan rumfa na juya baya, wai ina ba shi wuri ya sha ya kuma kewaya. Da na dawo na kwashe kofin da kwanon, fuskata a kawar, ban duba ko an taɓa su ba, don ba a leƙa kwanon suruki.

Mai gahawar, wani dattijo ɗan Yaman mai ido ɗaya, ya ga ina mayar da waya a ƙofa. Ya taso ya riƙe hannuna ya tambaye ni ko hankalina ɗaya, mutum ne fa a ciki. Ya ce in fito da tsohon in sa shi a gaba, ko in jira rana ta yi sanyi. Na ce in na jira duhu zai same ni a sabka, karafan kuma ba shi da fitila. Wannan gaskiya ne. Ya ce to in kwana, gobe da asuba in wuce. Na ce mudir na jira, na kuma ƙara masa da cewa shi bai san al'adarmu ba, mu ba ma zama da surukanmu kamar abokan wasa. Ya sake ni, ya tofar da yawu gefe, ya ce Allah ya raba shi da al'adar da ke dafa mutum. Maganar ta yi mini zafi, don haka na koma na yi tayin da ba tayi ba. Daga bayan ƙofa, murya ƙasa-ƙasa, na ce ko Baba zai dawo gaba. Yadda na faɗe ta, kowa ya ji ya san amsar da nake nema. Ya ce nan ma lafiya lau, mu je kada a makara, ƙaninsa na jira. Na ce yalla, mu tafi, na ƙarasa murɗa wayar.

Sabka fili ne na gishiri a gefen teku, fari fat, shimfiɗe har iyakar ganinka. Samansa busasshen ɓawo, ƙarƙashinsa taɓo. Duk direban kudu ya san dokarta: ka shiga da giya ɗaya, ka riƙe totur daidai, kada ka tsaya ko me ya faru, don in ka tsaya da nauyi ɓawon fashewa yake ka nutse, balle mai jan gida guda a bayansa. Na shiga rana na tsakar ka. Ni da nake gaba, gilasai a buɗe, iskar da ke shigowa ƙona fuska take yi, ina kurɓar ruwa ina zuba wani a ƙeya. Mun yi nisa a ciki na kai ido madubi kamar yadda na saba, sai na ga wani farin abu yana kaɗawa a jikin karafan can sama. Na sake dubawa. Bakin rawanin Baba ne, ya fito ta 'yar tagar banɗaki. Ya fito, ya koma, ya sake fitowa, ana ɗaga shi ana saukewa. Iska ba ta yin haka, hannun mutum ne ke yi.

Da zan iya cewa ban gane ba, da na samu barci a shekarun nan. Na gane. Amma sai na shiga yi wa kaina bayani. Na ce ƙila gumi ya jiƙa shi yana shanyawa. Na ce ai ɗazu ya ce lafiya lau. Na ce in na tsaya nan motar nutsewa za ta yi, a zo a same ni da mutum a cikin karafan, a kore ni, a yi ta ba da labarina a gahawa cewa ɗan Takari mai cika baki, kamar yadda suke kiran irinmu, ya binne motar sharika. Har ma na ce, ku ji wauta, tunda rawanin na waje kansa a buɗe yake, yaya zan buɗe ƙofa in ga surukina babu rawani, ai sai in kunyata shi. Na ce saura kaɗan mu kai ƙasa mai ƙarfi, in ya so in tsaya. Ina kallo kaɗawar ta ragu, ta ragu, har ya zama rawanin reto kawai yake yi. Ban san tsawon lokacin ba, amma na sha taba biyu a tsakani, wannan na tuna. Can sai na ga ƙyallen ya zare gaba ɗaya daga tagar, ya yi sama, ya faɗi kan gishiri a bayanmu. Ban san sanda na taka birki ba, na ji motar ta yi ƙasa.

Na diro da gudu. Filayar na bar ta a mota, da hannu na kwance wayar, ta yanke ni ban ji ba, tabon yana nan har yau. Baba na kwance a bakin ƙofa, kansa a buɗe, furfura fat, farcensa sun karye don kartar ƙofar. Jikinsa ya bushe, babu gumi ko ɗigo, zafi rau. Na sungume shi na kai shi inuwar karafan. Wannan ne karo na farko da hannuna ya taɓa jikinsa, ashe ba shi da nauyi ko kaɗan. Na juye masa jarkar ruwana a ka da ƙirji, na ɗiga masa a baki, ruwan na dawowa ta gefe. Ya buɗe ido kaɗan ya gan ni. Wallahi tallahi abin da ya fara yi shi ne ya ɗaga hannu yana laluben kansa, yana neman abin rufewa. Na cire hulata na sa masa. Ina kuka ina yi masa sannu ina tambayarsa ya jikin, don ban san wata maganar da ake yi masa ba. Leɓɓansa suka motsa, murya ba ta fita, amma na gane abin da ya ce. Lafiya lau ya ce. Na yi ta laƙƙana masa kalmar shahada, ban sani ba ko ya bi ni. Kafin la'asar ya cika a kan cinyata.

Da yamma wasu Larabawan ƙauye suka biyo da akori-kura. Kafin su ƙaraso na riga na kwashe buzu da ƙunshi da zamzamiyya na mayar kujerar gaba, na rufe karafan. Ku duba fa, gawar surukina na kwance, ni kuma hankalina ya kai ga wannan. Na gaya musu a gefena yake zaune, zafi ya buge shi. Suka ce Allah ya jiƙansa, hanyar nan ta saba. Su suka taya ni wanka da salla, muka binne shi a maƙabartar ƙauyensu. Motar kuwa, bayan kwana biyu aka zo da katafila aka jawo ta. Mudir ya zage ni son ransa ya mayar mini da makulli. Iyakar abin da na guje wa ke nan, zagi. Ƙanin da muka taso dominsa na je na same shi ya fara samun sauƙi, yana zaune yana shan kunu, yana ta leƙen bayana yana neman yayansa. Ya ƙara shekara shida a duniya.

Na dawo Sa'alaba ban danna hon ba. Na gaya wa matata abin da na gaya wa kowa, har na ƙara da cewa ya yi shahada da bakinsa. Ta yi kukanta. Tambaya ɗaya ta yi mini, ta ce ya sha ruwa kuwa. Na ce ya sha, ni da kaina na yi ta ba shi. Na miƙa mata kayansa ta shiga ɗaki da su, daga ranar ba ta sake tayar da zancen ba. Muka raini 'ya'yanmu muka aurar, ba ta taɓa rage mini girma ba. Abu ɗaya na lura da shi na ƙi tambaya: ba ta sake cika mini gorar ruwa da hannunta ba in zan yi tafiya. Ni kuma kafin shekara ta zagayo na bar jan karafan, don duk sanda na kalli madubi farin ƙyalle nake gani. Na koma tasi a cikin gari, na bar taba, na riƙe masallaci, mutane na cewa mutuwar surukina ta shiryar da ni.

Shekara ashirin da takwas bayan haka ciwon ajali ya kwantar da ita. Wata rana da hantsi, babu kowa a ɗakin, ta ce in jawo akwatin ƙarfenta daga ƙarƙashin gado in duba can ƙasa. Na ɗaga zannuwa, sai ga zamzamiyyar Baba, tsummanta ya koɗe, ruwan ya daɗe da ƙafewa, amma jan ƙyallen na nan da ƙullinsa, ninki biyu da 'yar jela a gefe, yadda ta ɗaure shi da asubar nan. Ta ce ranar da na miƙa mata ita a cike take dam, ba a taɓa kwance ta ba. Tun ranar ta san wanda ya yi mata ƙarya a kan ruwa ya yi mata a kan sauran, ta kuma san ubanta ba zai zauna gwiwa da gwiwa da mijin 'yarsa ba sai an tilasta shi. Na zauna a ƙasa na gaya mata komai, wayar, mai gahawa, rawanin, taba biyun, ban rage ko ɗaya ba.

Na zaci za ta tsine mini, da ta yi ma da na ji sauƙi. Sai ta ce in kai gorar wajen haske in duba ƙullin da kyau. Akwai sawun haƙori a jikinsa, ƙyallen ya tattaune. Ta ce ta san halin Baba, da safe ba zai sha ba don kada fitsari ya matse shi ya zama sai ya nemi surukinsa ya tsaya masa. Sanda ƙishi ya ci ƙarfinsa kuwa, yatsunsa sun kasa kwance ƙullin da ta ja da iyakar ƙarfinta don kada ruwan ya zube. Ta ce ni na ɗaure ƙofa, ita ta ɗaure gora, shi kuma ya ɗaure bakinsa. Abin da ya hana ta tambayata ke nan, tana tsoron in ta tono nawa nata ya fito. Ashe ba fushi da ni ya hana ta cika mini ruwa ba, hannunta take tsoro. Muka zauna mu biyu tsofai-tsofai muna kukan da ya kamata mu yi tare tun muna da ƙuruciya. Washegari na shigo na tambaye ta ya jiki, ta dube ni ta ce ba za ta ce mini da sauƙi ba, babu sauƙi, ciwo take ji ƙwarai, in zauna kusa da ita. Na zauna. Kwana tara ta ƙara.

Ban rubuto wannan don in zagi kunya ba. Da ita aka raine ni, har yanzu in na ga yaron da ba shi da ita haushi nake ji. Amma na gane tawa ta ranar nan ba kunya ba ce, son jiki ne na laƙaba masa sunanta. Ta Baba gaskiya ce, a kanta ya mutu. Ni kuwa taba nake so in sha. Da ina girmama shi da gaske, da na yarda ya ji haushina na wuni ɗaya, in ce masa ya yi haƙuri motar nan ba za ta tashi ba sai yana gaba. Da ya ɓata rai, ya juya fuska wajen taga har Ƙunfuza, ya kuma sauka da ƙafarsa ya ga ƙaninsa.

Ku direbobi masu jan karafan ko tirela ko kowace rufaffiyar mota, kada ku sa mai rai inda ba za ku ji bugunsa ba, ko da shi ya roƙa, ko da tafiyar kusa ce. In kun ga abin da ba ku gane ba a madubi ku tsaya, mota in ta nutse ana jawo ta. Ku kuma masu tsofaffi a hannu, in sun ce muku lafiya lau ku ɗaga kai ku kalli fuskarsu, ku leƙa kwanon ku ga ko an sha. Yanzu ni ne surukin. In mijin 'yata zai kai ni asibiti gaba nake shiga, gwiwa da gwiwa, in fitsari ya matse ni in ce ya tsaya, in ƙishi ne in ce ya ba ni ruwa. Shi kunya ke kama shi, 'ya'yana suna cewa tsufa ya ɓata ni, ban taɓa gaya musu dalili ba. Zamzamiyyar tana rataye a ɗakina. Jikokina, da Hausa ba ta zauna a bakinsu ba, sukan tambaye ni da Larabci me ya sa ba na kwance wannan tsohon ƙulli. Ce musu nake su bar shi haka, wanda ya nemi kwance shi bai samu iko ba. Ku sa Baba da 'yarsa a addu'a, ni kuma ku roƙa mini abin da kuka ga ya dace.